Ha'incin da ake yi wa mutanen Katsina da sunan sola ya isa haka

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin man fetur, janareta ya fi ƙarfin magidanci. A Afrilun 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A, wato waɗanda aka ware su fi kowa samun wuta, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 a kan kowane yunit, sauran unguwanni kuwa sai su wuni su kwana ba su ga ƙyallinta ba. Shi ya sa duk inda ka ɗaga kai, daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Marusa, har Daura da Mai'adua, faifan sola kake gani a kan kwano. Mutum ya sayar da ragonsa, ko ya ci bashin albashi, ko matar gida ta kwashe adashinta, don yara su samu fanka a watan azumi. Wata shida ba ta cika ba inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida, ta fara kuka ƙarfe ɗayan dare, a koma shimfiɗa tabarma a tsakar gida. An gudu ba a tsira ba. Kuma mafi yawan wannan asarar da gangan ake jawo wa mutane ita, domin masu sayarwa da masu haɗawa sun san abin da suke yi.

A fara da batir, don nan kuɗin ya fi nutsewa. Batirin da aka rubuta wa 200Ah mai bolt 12, abin da yake ɗauka duka-duka wat 2,400 ne na awa ɗaya. Batirin dalma kuma ba a shanye shi ƙarƙaf, rabi ake ci idan ana so ya yi ƙarko, saura 1,200. Inbata ta ci nata kason wajen juya wutar, abin da zai iso soket bai wuce 1,000 ba. To, fankar sama biyu mai wat 70 kowacce, ƙwan fitila biyar masu wat 10, da talabijin mai wat 60, sun haɗa wat 250. Awa huɗu ke nan, wuta ta ƙare. Yanzu don Allah da wane bakin mai haɗawa yake ce wa Alhaji batir ɗaya zai ja masa firiji da fanka uku har asuba? Ya san ba zai ja ba. So yake a biya kuɗin, in ya so daga baya ya ce ai kayan gidan ne suka yi yawa, a ƙaro batir.

Wannan lissafin ma idan batirin na gaskiya ne. Ƙarfin batirin dalma a nauyinsa yake, ba yadda za a yi a ɓoye shi. Na 200Ah na ƙwarai yana kai kilo 55 zuwa 65, sai ƙarti biyu sun kama. Idan yaron shago shi kaɗai ya sungumo shi ya ɗora a bayan Keke Napep, to lambar da ke jikinsa ƙarya ce, an rage dalmar an bar kwalin da girmansa. Akwai kuma wanda ya shekara a sito ba caji, farantansa sun kama farin gishiri, a goge masa ƙura a sayar a kuɗin sabo. Sabon batir cikakke idan aka ɗora masa mita ya kamata ya nuna bolt 12.6 zuwa 12.8. In ya nuna ƙasa da 12.4, ya daɗe a ajiye. Mutum nawa aka taɓa auna wa a gabansu kafin su biya? Mai tiyar gero a kasuwa idan ya bubbuge gindin kwanonsa, kafin la'asar magana ta kai ga sarkin kasuwa. Amma mai sayar da batirin dubu ɗaruruwa ya rage rabin awo, ba mai ce masa kanzil.

Yanzu kuma an shiga yayin batirin lithium, wai shi ne maganin komai. Na gaske yana da kyau ƙwarai, ana iya cin kashi 80 zuwa 90 na cajinsa, kuma ya yi shekaru. Sai dai kasuwa ta cika da tsofaffin ƙwayoyin batir da aka ciro daga wasu na'urori a waje, a jera su cikin sabon akwati mai sheƙi, a manna takarda. Wanda aka rubuta wa bolt 51.2 da 100Ah, wato kilowat 5 da ɗoriya na awa ɗaya, nauyinsa yana kusa da kilo 45 zuwa 50. Ka ga mai kilo 25 an rubuta masa haka, ka riƙe kuɗinka.

Faifan ma haka. Murabba'in mita ɗaya na faifan zamani abin da yake bayarwa wajen wat 200 ne. Mai wat 550 tsawonsa ya haura mita biyu, faɗinsa mita ɗaya da 'yan kai. Amma sai ka ga faifan da bai kai tsayin mutum ba an liƙa masa 500W a baya, alhali ko a masana'anta bai wuce 300 da wani abu ba. Kuma lambar da ke jikin ko wane faifai an auna ta ne yana da sanyin digiri 25. A Katsina cikin Afrilu, iska kanta tana haura 40, faifan da ke kan kwano yana kai 60 zuwa 65, kowane digiri ɗaya na ƙari yana zaftare kusan kashi 0.4 cikin ɗari. Ga ƙurar hunturu da ke lulluɓe gilashin tun daga Nuwamba har Fabrairu. Mai haɗawa na kirki yakan ɗauki kashi 75 na lambar ya yi lissafi da awa biyar na rana mai ƙarfi: faifai mai wat 300 ya ba da kamar 1,100 a wuni. Wannan bai isa ya mayar da abin da aka ci a batir ɗaya ba. Batirin da kullum yake kwana da rabin ciki kuwa ba ya shekara.

Abin da ya fi ƙona rai shi ne kwantirola, na'urar da ke tsakanin faifai da batir tana daidaita caji. Iri biyu ce, PWM mai araha da MPPT mai tsada. Babban faifai yana fitar da bolt 30 da wani abu, da amfiya wajen 9. Idan aka haɗa shi da batir mai bolt 12 ta hanyar PWM, sai ta janyo ƙarfin faifan ƙasa zuwa na batir, amfiya 9 sau bolt 14, wat 126 kacal daga faifan da aka biya kuɗin wat 300. Fiye da rabi ya tafi a banza kullum ta Allah. MPPT ce take juya rarar ta koma caji. Sai a karɓi kuɗin MPPT a kawo 'yar ƙaramar roba mara nauyi da aka buga wa haruffan a goshi, cikinta PWM ce. Ta gaske tana da nauyi saboda naɗin wayar da ke cikinta da ƙarfen da ke shanye zafi. Wannan ba kuskure ba ne, zamba ce tsagwaronta, kuma haƙƙin mutane ne ake ci.

Sai waya, inda abin ya tashi daga asarar kuɗi ya koma barazana ga rai. Inbata mai jan wat 1,000 daga batir mai bolt 12 tana zuƙar amfiya sama da 80. Wannan yana son waya mai kaurin murabba'in milimita 25, gajeriya, ta jan ƙarfe zalla. Me ake sawa? Mai murabba'in milimita 6 ko 10, ita ma alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe a baya. Ka kankare ta da wuƙa ka ga fari fat a ciki. Irin wannan tana zafi, robar ta narke, ga batura an cusa su a lungun ɗaki kusa da katifa da labule. Ba fis tsakanin batir da inbata, ko kuma a sa bireka ta wutar NEPA, wadda ba a yi ta don wutar batir ba, in tartsatsi ya tashi ba lallai ta iya yanke shi ba. Batirin ruwa yana fitar da iska mai kamawa da wuta lokacin caji, yana buƙatar wuri mai shan iska. Zafi kuma yana cin ransa, duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana raba kwanansa biyu. Amma ba mai gaya wa mai gida haka, ba mai gaya masa cewa tataccen ruwan batir kaɗai ake ƙarawa, ba ruwan leda ko na rijiya ba.

Ɗora faifan ma abin takaici ne. Mu nan arewa da tsakiyar duniya muke da kusan digiri 13, don haka faifai kudu zai kalla, a ɗan jingine shi kamar digiri 13 zuwa 15, a bar rata a ƙarƙashinsa iska ta ratsa. Sai a kwantar da shi a kan kwano duk inda rufin ya kalla, a ɗaure da wayar ɗauri, inuwar tankin ruwa ko ta darbejiya ta faɗo a gefe ɗaya ta kashe ƙarfin layin gaba ɗaya. Guguwar farkon damina ta zo ta yi sama da shi. Ba a kafa ƙarfen da ke kai wuta ƙasa ba, ba abin tare tsawa, aradu ɗaya ta ƙone inbatar da aka yi wata da watanni ana tara kuɗinta.

Duk wannan yana faruwa ne saboda an bar harkar sakaka. Yaro ya bi oga wata uku yana riƙe tsani, gobe ya buga kati ya zama injiniya. Akwai SON da aka kafa don ingancin kaya, akwai NEMSA mai duba aikin lantarki, akwai FCCPC mai kare haƙƙin mai saye. Kayan nan ba daga sama suke faɗowa ba, ta tashar ruwa suke shigowa, su bi ta Alaba a Legas da Sabon Gari a Kano kafin su iso shagunan Katsina. Sikeli ɗaya da mita ɗaya da tef na awo sun isa a tona asirin rabin abin da ke kan kanta a wuni guda. Me ya hana a zagaya? Su ma masu sana'ar na gaskiya, waɗanda ake guje wa saboda kuɗinsu ya fi, shirunsu ya yi yawa. Su fito su sa ƙungiyarsu ta wajabta rasit mai ɗauke da nauyin batir, da lambar kowane kaya, da kaurin waya, da garanti a rubuce mai sa hannu. Wanda ya ƙi bayar da wannan takarda kada a bar shi ya hau rufin kowa, wanda kuma aka kama da jabu a rufe shagonsa ya biya mutane kuɗinsu.