Hutun da na tsara bisa girma a Maroko

Da muka yanke shawarar yin hutun kwana 9 a Maroko, ni na ɗauki nauyin tsara tafiya, don ni ne mai ilimin boko a gidan. Mu huɗu ne: Hajiya mahaifiyata, uwargida, ni, da Sadik ɗan shekara 8. Kowa na da garin da yake so, ni kuma ɗan tarbiyya ne, sai na jera garuruwan bisa girman masu su. Taswira ko kallonta ban yi ba. Na biya kuɗin masauki huɗu ta intanet, irin mai rahusar nan da ba a mayar da ko kwabo.

Hajiya ce farko. Ita Fas kawai ta sani, inda zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani take, wanda ya rasu a can a 1815. Daga Kasablanka muka hau jirgin ƙasa, kusan awa 4, muka wuce Rabat da Miknas muka isa. Ta yi ziyararta har da hawaye, muka leƙa masallacin Ƙarawiyyin da Fatima al-Fihri ta kafa a 859, ta sa mini albarka. Ranar kaina ya yi girma.

Sai uwargida, mai son Marrakesh saboda kasuwa da dandalin Jama'ul Fana. A tasha na gano cewa Fas tana gabas, Marrakesh kuwa can kudu inda layin dogo ya ƙare, kuma hanyar ɗaya ce: sai ka koma ta inda ka fito. Awa 6 da rabi muna zaune. Muka sake wuce Miknas, muka sake wuce Rabat, ga Kasablanka tana mana murmushi. Hajiya, wadda ba ta kiran sunana don ni ne ɗan fari, ta leƙa taga ta ce, “Kai wannan, ba nan muka sauka daga jirgin sama ba?” Na ce garuruwansu ne ke kama da juna. Allah ya yafe mini.

Na uku ni ne, kuma abin da na zaɓa shi ne Miknas, don in ga ƙofar Bab Mansur da tsohon birnin Maulaya Isma'il. Miknas ɗin nan da muka wuce sau biyu. Tsakaninta da Fas bai kai awa ɗaya ba; da daga can muka je, ko shayi ba zai huce ba. Uwargida ce ta gano haka, a wayarta, muna tsakiyar tarago da buhun takalma da tukunyar tajin biyu da ta saya. Ta juyo mini da wayar a hankali.

“Baban Sadik, wannan ɗigon fa?”

“Fas.”

“Wannan na jikinsa kamar tagwaye?”

Na ce sabis ba shi da kyau a nan. Ba ta ƙara magana ba har awa 6, sai dai duk tashar da muka tsaya ta karanta sunanta da ƙarfi, ta ce, “Sannunmu da sake zuwa.” Hajiya kuwa carbinta take ja, lokaci-lokaci ta tambaya ko sa'ayi muke yi tsakanin Safa da Marwa.

Auta shi ne Sadik, wanda tun daga gida yake damunmu da Al Boraq, jirgin ƙasan da aka buɗe a 2018 mai gudun kilomita 320 a awa. Don shi muka nufi Tanja. Muka yi canji a Kenitra, ni da tukwane a ka, muka zauna, jirgi ya tashi sumul, yaro ya jingina da kakarsa. Sai a Tanja muka tashe shi. Ya buɗe ido ya ce yaushe za a fara gudun.

A hanyar komawa Kasablanka, awa 2 da minti 10, na sa shi tsaye a taga ina taɓa shi kamar mai gadin dare. Muka wuce Rabat karo na huɗu. Babban birnin ƙasa guda, ko ƙafa ba mu taɓa sawa ba.

Da muka dawo maƙwabta suka zo barka da hanya, wani ya tambayi Hajiya wane gari ya fi burge ta. Ta ce Fas, don Shehu. “Amma wanda na fi sani Rabat ne. Akwai wata bishiya kusa da tasha, har mun saba.”