Ba iyayi take yi ba, turaren ne ke shaƙe ta

Duk gidan biki ko na suna da kika shiga yanzu, hayaƙin turaren wuta ne zai fara yi miki maraba. An rufe tagogi saboda ƙurar hunturu, an saki labule, kasko na ci a tsakar ɗaki, kowace mace ta sha humra, wata kuma ta bi kujeru da na fesawa. Ina son ƙamshi, kuma ban ga laifin 'yan'uwanmu na Maiduguri da suka ƙware wajen haɗa sandal da kajiji ba. Amma a cikin taron nan akwai mai ciwon asma da ƙirjinta ya fara ɗaurewa, tana tari a cikin mayafi, kunya ta hana ta tashi.

In ta daure ta ce a rage, sai ki ji an ce, "Kai, iyayi!" Wata ma ta raɗa wa ta kusa da ita, "Ai masu iska ne ba sa son turare." Wannan maganar ta fi komai ƙona mini rai, domin ita ke sa a kwashi mai asma a tafi neman maganin aljanu, a ƙara turnuƙe ta da wani hayaƙin, alhali inhela take buƙata, wato maganin shaƙa mai buɗe hanyoyin numfashi.

Mai asma hanyoyin iskar huhunsa a kumbure suke ta ciki, abu kaɗan ke tsokanarsu. Da hayaƙin garwashi ko ƙamshi mai ƙarfi ya shiga, sai naman da ya kewaye su ya matse, majina ta taru, numfashi ya riƙa fita da ƙara kamar ana busa usur. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ne ke fama da asma, cutar kuma ta kashe 455,000, akasari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu. Wannan ciwon ne muke kira iyayi?

Maza ma ban ƙyale ku ba. Sa turare ranar Juma'a sunna ce, babu musu, amma Annabin da ya so ƙamshi (SAW) shi ne ya ce ba cuta ba cutarwa. Ka juye wa babbar riga turare ka shiga sahu, dattijon da ke kafaɗarka ya yi sallama da ƙyar.

Don Allah uwargida, ki turara ɗakin tun kafin baƙi su iso, ki fitar da kaskon, ki buɗe taga. Ɗakin mai jego kuwa a nisanta shi da hayaƙi gaba ɗaya, huhun jariri bai yi ƙwari ba. In kuma kika ga mutum ya kasa haɗa kalmomi saboda haki, ko ya shaƙi inhela bai samu sauƙi ba, ku fitar da shi daga ɗakin ku nufi asibiti nan take.