Daren da na ga yaran Shakhtar a Warsaw

A daren 11 ga Oktoba 2022 ina filin wasan Legia a nan Warsaw ta ƙasar Poland, cikin sanyin da ke ratsa riga uku, ina kallon Shakhtar Donetsk, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Yukren da yaƙi ya raba da garinta tun 2014, tana karɓar baƙuncin Real Madrid a ƙasar aro. Ta kowane gefe mata ne da ƙananan yara 'yan gudun hijirar Yukren, sun yafa tuta mai launin shuɗi da rawaya. Yawancin 'yan Brazil ɗin da ƙungiyar ta dogara da su sun watse, sai ta koma ga waɗanda ta rena a makarantarta: Trubin a raga, Sudakov a tsakiya, Mudryk a gefe, Zubkov kuwa shi ya ci ƙwallo da ka. Ana dab da tashi Rüdiger na Real Madrid ya farke, jini na zuba a fuskarsa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne babu alamar tsoro a ƙafar yaran nan, kuma ba banza ba. Har zuwa 2015 makarantar tana da ƙungiyar Shakhtar-3 a gasar ƙwararru mai mataki na uku, inda yaro ke karawa da magidanta masu neman abin cefane, a ƙananan garuruwa, maki uku na gaske a tsakani. Da aka rufe ta ba a bar ɗabi'ar ba, domin shi kansa Mudryk an ba da aronsa ga ƙungiyar Desna Chernihiv kafin ya nuna.

Mu 'yan Najeriya kuwa mun ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 har sau biyar, amma ku ƙirga nawa ne suka kai labari. Na yarda su ma sun yi asarar yara da yawa a hanya, kuma ba zan taɓa yarda cewa yaransu sun fi namu baiwa ba, don a unguwarmu a Kano na ga wanda yake yanka ba takalmi, wanda Mudryk ba zai nuna masa gudu ba. Yau Keke Napep yake tuƙi. Da na kira shi washegari na tambaye shi filin da muke bugawa bayan la'asar, sai ya ce an yanka shi filoti-filoti, shaguna ne tun daga raga har raga.