Bikin dashen bishiya ba zai tsayar da hamada a Katsina ba

Damina ta faɗi, an sake kafa rumfuna da lasifika. Manya su tsuguna cikin babbar riga, a dasa ɗan dogon yaro, a ɗauki hoto, a watse. Kafin bazara awaki sun cinye abin da rana ta bari. Abin da ya fi ci mini rai shi ne jawabin da ake maimaitawa a irin waɗannan tarukan: wai manomanmu ba su san sauyin yanayi ba, sai an tara su a otal an wayar musu da kai.

Mutumin da ya shuka gero sau biyu a damina ɗaya saboda ruwa ya ɗauke bayan shuka, shi za a koya wa cewa yanayi ya sauya?

A leƙa ƙetaren iyaka kawai. Bayan farin 1984, manoman Maraɗi suka rungumi abin da ake kira sassaben zamani. Maimakon a sare duk tohon da ke fitowa daga kututture lokacin sharar gona, sai a zaɓi masu ƙarfi biyu ko uku a bari, a datse sauran. Wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya taimaka wajen farawa, amma abin da ya kai dabarar har Damagaram baki da baki ne. Wannan ya ga gonar maƙwabcinsa ta yi kyau, ya tambaya, ya gwada. An ƙiyasta cewa ƙasar da ta farfaɗo ta wannan hanya a Nijar ta kai hekta miliyan 5. Kuma gawon da suke raino mu ma muna da shi: yana zubar da ganye da damina don haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyen taki ne, 'ya'yansa abincin dabbobi ne da rani, kuma yana zuƙe iskar da ke ɗumama duniya.

Hanyoyin da labarin zai bi a wurinmu suna nan tun kaka da kakanni. Akwai gayya, akwai majalisar ƙofar gida bayan isha'i, akwai adashin mata, akwai kasuwar Mai'aduwa inda mutumin Daura ke haɗuwa da surukinsa na Nijar. Ta nan irin wake mai saurin nuna ke wucewa daga hannu zuwa hannu. Ta nan kuma bishiya ke samun mai tsaro, domin ba waya ce ke kare ta ba, kunyar maƙwabci ce, da maganar da mai unguwa ya ƙulla da makiyaya da masu sarar itace.

Masu cewa manhajar waya ce mafita su fara ƙirga manoma nawa ne a Zango ko Ɓaure ke da babbar waya da kuɗin data.

Katsina na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Bishiyoyi, tana kuma cikin ACReSAL, shirin farfaɗo da ƙasar noma da ta lalace a arewa, wanda Bankin Duniya ya ware wa dala miliyan 700. A rage kuɗin rumfa da lasifika, a ɗauki manoman da jama'a ke jin maganarsu a mazaɓu 361 na jihar, a kai su gonakin Maraɗi su gani da idonsu. Sannan a yi gaggawa, don a Batsari da Safana da Jibiya, duk ƙauyen da 'yan bindiga suka tarwatsa, gayyarsa da majalisarsa sun watse tare da shi, gonakin da aka bari kuma babu mai hana gatari shiga.