Masu riƙon 'ya'yan 'yan'uwa, yaushe za ku fara sassauta musu?

Akwai wani irin tsanani da ba kasafai ake samunsa a wajen uba mahaifi ba, sai a wajen mai riƙo. Baffa da ya ɗauki 'ya'yan ƙaninsa bayan rasuwa, kawu da aka kai wa ɗan ƙanwarsa, gwaggo da ta ɗauki yarinya tun daga yaye. Ku lura da kyau a unguwarku a nan Zariya, daga cikin gari har Tudun Wada har Sabon Gari, za ku ga sau da yawa ɗan gida yana fita ya dawo lokacin da ya ga dama, amma ɗan riƙo ko shago zai je sayen Maggi sai an tambaye shi ina za shi, da wa zai tafi, me ya sa ya daɗe. Kuma wallahi ba ƙiyayya ba ce, yawancinsu suna son yaran nan har cikin ransu. Tsoro ne. Sai dai in ka tona tsoron nan za ka ga rabinsa ne kawai tsoron abin da zai sami yaron, ɗaya rabin tsoron bakin mutane ne.

Dalili kuwa a fili yake. In ɗanka na cikinka ya lalace za a ce ƙaddara, Allah ya shirya, a taya ka addu'a. In ɗan marigayi ya lalace a hannunka kuwa, dangin uwarsa na nan sun zuba ido, a gidan suna da gidan biki za a riƙa cewa ai da ubansa na raye da ba haka ba, ya ci amanar zumunci, nasa 'ya'yan ai ga su nan lafiya lau. To mutum ya gwammace ya kulle yaro a gida ya tabbata ba wanda zai zage shi, ko da kuwa kullen ne zai nakasa yaron. Mutuncinsa yake karewa, yana kiran abin tarbiyya, kuma shi kansa bai san haka yake yi ba.

Ban ce babu abin tsoro ba fa, kar wani ya zo ya ce min ban san halin da ake ciki ba. A garin nan aka shiga kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli cikin dare a 2021 aka kwashi ɗalibai da malamai. A watan Maris na 2022 aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, aka kashe na kashewa aka tafi da na tafiya, wasu suka yi watanni a daji. Maganar ƙwaya kuma ba sai an faɗa ba, sai da ta kai gwamnatin tarayya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi a 2018, kuma har yau yara ba su rasa abin sha ba. Ga ƙwacen waya. Duk dattijon da ya ce gabansa na faɗuwa in yaro ya fita, gaskiyarsa ne, ni ma nawa na faɗuwa.

Abin da nake ja da shi shi ne tsaron da ba shi da ranar ƙarewa, wanda yadda aka riƙe yaro yana shekara 10 haka za a riƙe shi yana 24, ba a taɓa zama an ce to yanzu ka kai a bar maka kaza ba.

Akwai wata yarinya a layinmu, marainiya, baffanta ne ya riƙe ta, mutumin kirki ne ba na ɗauke masa, shi ya biya mata komai tun daga firamare. Ta samu gurbi a Jami'ar Ahmadu Bello, ABU, da ke Samaru. Ta ce Baffa don Allah ku bari in nemi hostel, ko Amina ko Ribadu, duk na mata ne zalla kuma akwai masu gadi. Ya ce ubanki amana ya bar min ke, ba zan kai ki inda idona ba ya gani ba. Shi ke nan magana ta ƙare. To yanzu ku duba abin da wannan hukunci ya haifar, kullum sai ta fito daga cikin gari da sassafe ta hau mota zuwa PZ ta sake hawa wata zuwa Samaru don ta kama lakcar ƙarfe takwas, kuma doka ce magariba ta yi mata a gida, saboda haka duk wani tutoriyal na yamma, duk wani karatun rukuni a laburaren Kashim Ibrahim, ba da ita ba, lokacin jarabawa ma haka, ta dawo a gajiye ga aikin gida na jiranta. Ranar da aka yi ruwa ko aka samu cunkoso a Kwangila ta makara, faɗa ne har da kuka. Ni tambayata ɗaya ce, tsakanin yarinyar da ke kwana a ɗaki da 'yan'uwanta mata a cikin makaranta, da wadda ke tsayuwa a bakin titi safe da yamma tana jiran mota tare da kowane irin mutum, wace ce idonka ya fi gani? Ba ka ganin ko ɗaya. Bambancin kawai ita ta biyun in wani abu ya faru ba za a ce kai ka kai ta ba.

Kuma abin da masu riƙo ba sa son ji shi ne, yaron da aka matse ba ya daina son abin da yake so, ƙarya kawai yake ƙwarewa a kai. Layi biyu a waya. Lambar saurayi an sa mata sunan wata anti. An ce ana lakca ranar Asabar alhali ba a yi. Ƙawa ta kira ta gaishe da Baffa cikin ladabi ta ce ai muna tare, alhali ba su ga juna ba tun jiya. Ba wai ina yabon wannan ba ne, amma wa ya koya musu? Yaron da ya san in ya faɗi gaskiya za a ƙwace waya a hana shi fita wata guda, ba zai faɗa ba. Ranar da ya shiga matsala ta gaske, wani ya yaudare ta ko wani ya ja shi cikin shaye-shaye, kai ne na ƙarshe da zai ji, domin kai ne wanda aka fi tsoro a duniya. Tsaron da aka yi don a san halin da yaro ke ciki shi ne ya sa ba a san komai ba.

Na san amsar da za a ba ni, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Haka ne, mu da muke garin rimi ba za mu musa ba. Amma ai babban ma ba a haife shi da hangen ba, fita ya yi ya sha wuya ya gani. Yawancin baffannin nan da ke hana yara motsi, ku tambaye su labarin ƙuruciyarsu ku ji, wani yana shekara 15 ya tafi Legas bin mota, wani gabas aka tura shi karatu ya yi shekaru bai ga gida ba, kakanninmu har Gwanja suke zuwa fataucin goro a ƙafa. Kuma abin ya fi ba ni mamaki a Zariya musamman, garin da tun kafa ABU a 1962 mutane ke turo 'ya'yansu daga kowane lungu na ƙasar nan, yarinya 'yar shekara 17 daga Ilorin ko Maiduguri ta zo ta zauna a Samaru ta yi digiri ta koma, a kwalejin Barewa yara suka yi kwanan makaranta nesa da iyayensu har aka samu irin su Gowon da Murtala da Umaru Musa 'Yar'aduwa, amma namu ɗan da aka haifa a nan ba a yarda ya ƙetare Kwangila shi kaɗai ba.

Sai maganar bautar ƙasa, wadda ita ce ke fasa gidaje da yawa. Tun 1973 tsarin NYSC haka yake, a tura ka jihar da ba taka ba, 'yan makonni a sansani, sannan shekara ta cika. Matar aure ana mayar da ita inda mijinta yake, mai rashin lafiya ma ana duba shi. To sai ka ga mai riƙo ya ce sam ba za ta je ba, ko kuma a hau neman miji da gaggawa don kawai a samu takardar aure a dawo da ita gida, aure fa, abin da za ta zauna a ciki har ƙarshen rayuwa, an ƙulla shi don gudun shekara ɗaya. Wanda kuma aka hana gaba ɗaya, an bar shi da digiri ba takardar kammala hidima, ita kuwa takardar yafewa galibi sai wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya gama karatu ake ba, ga aikin gwamnati ba ya samuwa sai da ɗaya daga ciki. In tsoron hanya ne, a raka ta mana. A samu yayanta ko kawunta ya kai ta har ƙofar sansani, a nemi 'yan'uwa Musulmi a garin, kusan ba jihar da ba ka samun masaukin 'yan hidima Musulmi da unguwar Hausawa. Wannan shi ne kulawa, kuma ya fi wuya, domin yana cin kuɗi da lokaci. Cewa a'a kyauta ne.

Yanzu bari in zo inda ya fi min ciwo, wato dukiya. Mun iya kawo hadisin da Manzon Allah (SAW) ya ce shi da mai riƙon maraya kamar haka suke a Aljanna, ya haɗa yatsunsa biyu, kuma gaskiya ne, Allah ya ba masu riƙo wannan matsayi. Amma ba mu cika karanta aya ta 6 a Suratun Nisa'i ba. Allah cewa ya yi ku jarraba marayu har su kai munzalin aure, in kun ga shiriya da hankali a tare da su to ku miƙa musu dukiyarsu, kada ku ci ta da ɓarna da gaggawa don gudun kada su girma, kuma in za ku miƙa ku kafa shaidu. Ku jarraba su aka ce. Malaman tafsiri sun yi bayanin yadda ake yi, ɗan ɗan kasuwa a ba shi ɗan jari a ga yadda zai saya ya sayar, ɗan manomi a bar masa wani abu na gona, yarinya a damƙa mata wani ɓangare na tafiyar da gida. Wato tun farko an ɗora wa mai riƙo aikin shirya ranar da zai saki. To kai da ba ka taɓa ba yaro dubu biyar ka ce je ka juya ba, ba ka taɓa barinsa ya je Kaduna ya dawo shi kaɗai ba, da wane ma'auni ka gane cewa bai yi hankali ba?

Na ga saurayi da ya roƙi baffansa ya ba shi wani abu daga kuɗin hayar gidan ubansa ya je Kano Farm Centre ya koyi gyaran waya, aka ce yaro ne, Kano za ta lalata shi, ya zauna a shagon Baffa a kasuwar Sabon Gari. Yana nan a shagon har yau, ba albashi ba jari, sai na cefane in an ga dama, ya kusa talatin, ƙannensa 'ya'yan Baffa sun yi aure. Bai taɓa ganin takardar gidan ba, bai san nawa ake karɓa a shekara ba, in ya tambaya a ce ba shi da kunya, mu da muka ci da kai muka sha da kai. Ba na cewa duk mai tsanani yana ɓoye wani abu, Allah ya kiyaye, da yawa ma daga aljihunsu suke ƙarawa. Amma akwai gidajen da kalmar yaro ne ba ta da wani aiki sai hana a zauna a yi lissafi, kuma dangi sun sani, sun yi shiru don kar zumunci ya ɓaci.

Ku kuma yara, habaici a status na WhatsApp ba ya buɗe ƙofa, ƙara kulle ta yake yi. Ɗaga murya a gaban wanda ya yi maka wahala ba hujja ba ce, shaida ce kake ba shi cewa gaskiyarsa. In kana da abin da kake so ka zo da shi a tsare, ga inda za ni, ga wanda zan zauna wajensa, ga lambarsa, ga abin da zai ci, ga ranar da zan dawo. Ki bi ta wajen gwaggo ko kaka ko limamin unguwa, wanda Baffa ke jin nauyinsa, domin akwai maganar da in ta fito daga bakinki raini ce, in ta fito daga bakin tsohuwa shawara ce.

Amma nauyin ya fi yawa a kan babba, shi ke da iko. Mai riƙon da ke karanta wannan, in yaron da ke hannunka ya wuce 20 kuma akwai gona ko gida ko kuɗin fansho da ubansa ya bari, ka kira dattijai biyu, ɗaya daga dangin uba ɗaya daga dangin uwa, ka fito da takardu ka faɗi abin da ya shigo da abin da ka kashe a kansa, ko da a ƙarshe kai ne kake bin bashi. Ba sai ka miƙa komai a ranar ba. Ka ba shi wani yanki ka ce nan da shekara mu ga abin da ka yi da shi. In ita ce ke roƙon hostel, ka je da kanka ka ga ɗakin, ka ga masu gadin, ka karɓi lambar 'yan ɗakinsu, ka ce zangon karatu ɗaya za mu gwada, duk Juma'a ki dawo gida.