Laburaren lissafi a kwamfaila: kar sauri ya rufe mana ido

Jiya wani ƙanena da ke gina ƙaramar kwamfaila (manhajar da ke mayar da rubutun shiri zuwa harshen inji) ya tambaye ni wane laburare, wato tarin shiryayyun ayyuka, zai ɗora mata don ayyukan lissafi irin su sin, cos, exp da log. Shi dai wanda ya fi gudu yake nema. Na ce masa ya dakata tukuna.

Ƙa'idar IEEE 754 ta 1985, wadda ta tsara lissafin lambobi masu ɗigo a kwamfuta, ta wajabta tarawa, ɗebewa, ninkawa, rabawa da sqrt su fito daidai har bit na ƙarshe (bit shi ne 0 ko 1 da kwamfuta ke rubuta lamba da shi). Su sin da log kuwa, gyaran 2008 shawara kawai ya bayar. Shi ya sa za ka ba laburare biyu, glibc da musl, lamba iri ɗaya, wani lokaci su saɓa a bit na ƙarshe.

Wani zai ce bit ɗaya tak? Ai nan gizo ke saƙar. Kwamfailar GCC, tun siga ta 4.3 a 2008, in ta ga sin na lambar da ta riga ta sani, da laburaren MPFR take lissafawa tun kafin shirin ya tashi, amsar kuma daidai ce. In lambar ta zo shirin yana gudana, laburaren da ke kan na'urar ne zai amsa. Lissafi ɗaya, amsa biyu. Na taɓa shafe kwana biyu ina farautar irin wannan, gwaji ya wuce a kwamfutata ya faɗi a saba (server), wallahi har yau abin yana ci min rai.

Kar kuma a jingina da fsin, wato umarnin lissafin sin da ke cikin injin kwamfutar kansa. A 2014 Bruce Dawson ya nuna yadda fsin yake kaucewa nesa idan lamba ta kusanci pi, saboda bit 66 kawai na pi yake amfani da su.

Masu kukan jinkiri suna da hujja a da. Tsohuwar hanyar glibc ta neman daidaito takan ja ƙafa sosai a wasu lambobi, har aka sauya exp, log da pow a siga ta 2.28 a 2018. Amma aikin CORE-MATH na su Paul Zimmermann a Inria ta Faransa ya nuna ana iya samun daidai ba tare da an yi asarar gudu mai yawa ba, kuma glibc 2.41 ta ɗauki wasu ayyukansu.

Don haka na ce masa: ka sa mai daidaito ya zama na asali, kuma shi ɗin kwamfailar za ta yi amfani da shi wajen lissafin da take yi tun farko. Mai buƙatar gudu, kamar mai wasannin bidiyo, ka ba shi maɓalli dabam, ka rubuta masa ƙarara iya kuskuren da zai tarar a kowane aiki.