Ƙudan zuma ba ya zama a gidan da ya yi masa zafi

Duk shekara daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Sakkwato da Kano da Maiduguri, masu kiwon zuma kan yi kukan cewa ƙudajensu sun gudu. A ganina, sau da yawa mu ne muke korar su.

Ƙudan zuma yana riƙe ɗumin wurin da tsutsotsinsa suke a tsakanin digiri 34 zuwa 36, kuma idan ya haura haka 'ya'yan kan lalace. Shi ya sa idan rana ta take wasu ke fita ɗebo ruwa su shafa a jikin saƙa, wasu su jeru a bakin ƙofa suna fifita da fikafikansu, saura kuma su yi cincirindo a waje domin rage cunkoso. Duk ƙudan da ya tafi ɗebo ruwa ya bar neman fure, saboda haka zumar ma raguwa take yi. Kakin kuwa, ko da yake sai zafi ya wuce digiri 60 yake narkewa, tun kafin nan yake laushi, har saƙa mai nauyin zuma ta tsinke ta danne na ƙasa.

Iyayenmu da ke saƙa amya da ciyawa, su shafe ta da kashin shanu, su rataye ta a kan tsamiya ko gawo, sun san abin da suke yi. Tsamiya ba ta rabuwa da ganye, gawo kuma da rani yake da nasa. Abin da ke damuna shi ne yadda ake karɓar akwatin zamani mai rufin kwano a dasa shi a tsakiyar fili, a koyi cire zuma, amma ba a koyi zancen inuwa ba. Akwatin ba shi da laifi, har ya fi amya sauƙin dubawa. Sai dai a kai shi ƙarƙashin bishiya, ƙofarsa ta fuskanci gabas, a ɗora zana a kan kwanon tare da barin tazarar da iska za ta ratsa, kuma a daina buɗe shi da tsakar rana.

Ruwa ya fi komai muhimmanci. A ajiye kasko a inuwa kusa da su tun kafin bazara ta kankama, a zuba tsakuwa ko karare a ciki don kada su nutse, kuma kada a bari ya ƙafe ko da yini ɗaya ne. Idan ba su samu a nan ba, rijiyar unguwa da kwamin shayar da dabbobi za su nufa, su harbi yara da masu ɗiban ruwa, daga nan kuma maƙwabta su nemi a kwashe akwatunan gaba ɗaya.